Lissafin Inuwa

Ni Arzika tela, Mabera nike zaune,
keken ɗinkina ya girmi ɗana na fari.
Ban yi nisa a boko ba, amma na iya ƙirge,
yau kuwa lissafina na icce ne da inuwa.

Da akwai maɗaci a ƙofar shagona,
kakan Nomau ya dasa shi
tun kwabo na da huda a tsakiya.
Ƙarƙashinsa Kulu ke dama fura,
Buda na facin taya, wanzami na wasa aska,
'yan kabu-kabu na gyangyaɗi bisa babura.
Tukunya bakwai ke tafasa da iccen nan,
ba wanda ya taɓa biyan hayar inuwa.

Sai magada suka sayar da fili.
Mai saye ya zo da igiyar awo,
ya ɗaga kai sau ɗaya, ya ce,
"Wanga icce ya cinye min shago biyu."
Injin yanka ya yi kuka tun hantsi,
kafin la'asar sama ta buɗe awa miki.
Mai gidan burodi ya kwashe a dubu arba'in.
Kwana tara tanda ta yi
ta cinye shekara sittin da ɗoriya.
Aka ce mana ci gaba ne ya shigo unguwa.

To, ga littafin awona,
inda nike rubuta kafaɗa da tsawon hannu.
Bayan shafin na buɗe wani awo.

Bazara ta zo, irin ta Sakkwato,
wadda ƙarfen almakashi ke cizon yatsa.
Kwanon rufi ya koma kasko, mu ne masa.
Na sayi fanka, wuta ba ta zo ba.
Na sayi janareta, shi kuma sai ya sha mai,
lita biyu kullum, na rubuta.
Furar Kulu ta riƙa tsami kafin azahar,
ribarta ta narke wurin mai ƙanƙara,
ta ɗauki ƙwaryarta ta koma Shagon Goro.
Mai kawo ɗinki da can sai ya zauna hira,
hira ta haifi riga ta biyu,
yanzu daga kan babur yake miƙo yadi
ko hula bai cirewa, balle doguwar gaisuwa.

Damina kuma ta zo da nata bashin.
Inda saiwa ke shan ruwa an shafe da siminti,
ruwan Agusta ya nemi ƙasa bai samu ba,
ya ƙwanƙwasa ƙofata da tsakar dare.
Shadda goma sha ɗaya ta mutane,
har da ta ango, saura kwana huɗu biki.
Na biya. Na rubuta.
Hannuna na rawa, biro na zamewa.

Na tara, na sake tarawa don kar in yi zalunci:
mai, ƙanƙara, shadda, maganin zazzaɓin yara.
Dubu arba'in ta shige sau tara, har da saura.
Shagunan biyu fa? Ɗaya da kwaɗo tun bara,
ɗayan mai haya na ta shirin gujewa.

Ku masu kasafi a manyan ofisoshi,
layin da kuke rubuta kwalbati da kwalta,
ku bar wa icce gurbi kusa da su.
Ma'aikaci ne, bai yajin aiki, bai neman fansho,
ruwa kaɗan yake so da a daina sarewa.

Ni dai na dasa dogon yaro bakin lambatu.
Akuya ta ci na farko, ta ci na biyu,
na uku na kewaye shi da tsohuwar taya da ƙaya,
ruwan alwalata nike zuba mai.
Jiya Hassi ta tsuguna ta auna shi da tef ɗina:
"Baba, inci sha tara. Yaushe za mu zauna?"
Na ce, rubuta kwanan wata, 'yata,
ki bar shafin gaba a buɗe,
can za ki sa abin da ya biya ki, in ya kai ga inuwa.